Takabar Mai Allo Na Uku

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da saƙo tun safe wai na kulle Haulatu a ɗaki na tafi yawona, to ga ta nan inda kuka bar ta. Ku gyara zama.

*

Muryar Anwar ce ta cika gidan tun bayan la'asar. Daga zaure take tasowa, ta ratsa tsakar gida, ta faɗo ɗakin Haulatu ba ko sallama.

"Jama'a ku tura wa 'yan uwa! Kai tsaye muke daga Daura! Yau ranar hasashe ce!"

Haulatu na zaune a tabarma, ta jingina da gado, hijabinta ruwan toka har ƙasa. Ba kwalli, ba turare, ba ɗan kunne. Tana jin muryar kamar yadda mutum ke jin injin niƙa na maƙwabta.

Da can, duk lokacin da 'yan wasan ces na Najeriya za su fita gasa, mijinta Sha'aban ne ke zama a zauren nan. Ya jingina waya da butar shayi, ya yi wa mabiyansa na Fesbuk bayani allo bayan allo, wa zai ci, wa za a cinye. Ba ya zuzutawa, ba ya jin kunyar kowa. Ita kanta da take matarsa, kuma shi ya fara koya mata darar Turawan nan, ya taɓa cewa a gaban duniya ba ta isa zuwa ko'ina ba a shekarar. Ta yi fushi, ta hana shi miyar kuka ta sati guda. Ba ta je ko'ina ɗin ba kuwa.

Tun da mota ta buge shi a hanyar Zango yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa, ƙaninsa Anwar ya gaji shafin. Ya gaji wayar, ya gaji butar, kan ne dai bai gada ba. Anwar ɗin da har gobe sai ya ƙirga gida da yatsa kafin ya motsa doki.

"Indiya ta shirya! China ta shirya! Wallahi bana sai mun ɗauko kofin duniya a ɓangaren mata! Ga Ebere a allo na ɗaya, ga matar Yayana a allo na uku, wa zai tsaya gabanmu?"

Aka ɗaga labule.

"Salamu alaikum. Kina jin abin da mahaukacin nan yake faɗa?"

Eberechukwu ce, 'yar Oga Anselm mai sayar da kayan babur a kasuwa. A Daura aka yanke mata cibiya, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Tare Sha'aban ya koya musu wasan, yanzu ita ce kyaftin ɗin matan Najeriya. Jiya ta sauka daga Legas.

"Ina ji," in ji Haulatu.

"Wai China ta shirya. China ta san da zamanmu ma kuwa?"

Ebere ta yi dariya. Da ta ga ita kaɗai ke yi, ta haɗiye sauran, ta cire takalmi ta zauna.

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

Kwanon na gefe, murfinsa ko motsawa bai yi ba. Ebere ta kalle shi, ta ɗauke kai. Ta kalli allon ces da ke ninke a saman akwati, an ɗora masa dardumar salla, nan ma ta ɗauke kai.

"Haulatu, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Koci Audi yana son amsarki yau. Gobe zai miƙa sunayen ƙarshe, daga nan ba canji."

"To."

"Na zauna da Inna Adama ɗazu mun duba. Wata huɗu da kwana gomanki za su cika kafin jirgi ya tashi, har da ragowar kwanaki. Ki yi wankanki, a yi sadaka, mu wuce Abuja. Surukar taki da bakinta ta ce ta yarda. Ta ce abin da ɗanta ya fi so ke nan a duniya."

"Ta faɗa min."

"To me ya rage?"

Daga zaure Anwar ya kai ga Rasha, yana ba su shawarar kada su wahalar da kansu su zo.

Ebere ta dafe kai.

"Don Allah wanke min kunne. Yi min hasashe irin na Malam. Na gaskiya, ba wannan shirmen ba."

Haulatu ta daɗe tana kallon bango. Da ta buɗe baki, muryar ta fito a miƙe, ba hawa ba sauka, kamar mai karanta sunayen 'yan aji.

"A manta da kofi. Ba sa'anninmu ba ne. Zagayen farko da manya za a haɗa mu, su cinye mu huɗu ba ko ɗaya. Kada kowa ya yi kuka, kowa ya je ya yi barcinsa."

"Ci gaba."

"Abin nema shi ne lambar rukuninmu, ƙasashen da ƙarfinmu ya zo ɗaya. Wannan ana iya samu. Ke a allo na ɗaya ba cin wasa ne aikinki ba. Ki toshe ƙofa, ki samo canjaras ki tashi. In kika ce sai kin burge, za ki zubar mana."

"Na ji. Ego ta allo na biyu fa?"

"Ego ba ta san canjaras ba. Ko ta kashe ko a kashe ta. Rabi da rabi za ta kawo. Allo na huɗu zai ci ƙanana, ya faɗi a hannun masu haƙuri."

"Saura na uku."

"A nan gasar take. Duk ƙasashen rukuninmu, 'yan wasa biyu gare su masu kyau, na ukun cikon benci ne. In mai allo na uku ba ta faɗi ba ko sau ɗaya, lambar ta zo gida."

Ebere ta tafa hannu.

"Kin ji magana! Ke kuma rabon da a cinye ki, ko da baƙaƙen 'ya'ya kike wasa, har na manta."

"In kuma Zubaida ce ta zauna," Haulatu ta ci gaba kamar ba a katse ta ba, "ta iya wasa, amma tana tsoron agogo. Lokaci na ƙurewa hannunta ke fara rawa. Za ta kai ku har bakin ƙofa, wasanni biyu na ƙarshe su kuɓuce mata. A dawo hannu rabbana."

"Wa ya kawo zancen Zubaida? Zubaida 'yar jiran ko-ta-kwana ce. Ke ce allo na uku."

Haulatu ta ci gaba da kallon bango.

"Haulatu."

"Na'am."

"Kalle ni. Wa ya kawo zancen Zubaida?"

Haulatu ta juyo. Idonta a bushe yake ƙamas, ya daɗe a haka. Mutane suna ta yaba tawakkalinta a unguwa, ita kuwa ta san ba tawakkali ba ne. Ko ranar da aka fita da gawar ba ta yi kuka ba, ta dai zauna tana kallon takalman 'yan gaisuwa.

"Kin tuna jirin da na ce miki ina yi? Har aka kai ni asibiti watan jiya?"

"Kika ce jininki ne ya yi ƙasa."

"Ya yi ƙasa. Amma ba shi kaɗai suka gani ba."

Ta sa hannu biyu ta ja hijabin baya, ya lafe a jikinta.

Haulatu doguwa ce, siririya. Abin bai fito sosai ba. Amma duk macen da ta gani ba sai an yi mata bayani ba.

Ebere ta toshe baki da hannu.

"Yesu! Haulatu! Ciki?"

"Rage murya."

"Na Malam? Kai, ji ni da wata tambaya, na wa zai zama! Wayyo Allah! Shekara da shekaru kuna nema! Ba asibitin da bai kai ki ba!"

Ta rungume ta, tana kuka tana dariya. Haulatu ta bar ta ta yi. Hannayenta na kan cinya, ba ta ɗaga su ba.

Ebere ta sake ta, tana share hanci da bayan hannu.

"To ai wannan ba matsala ba ce! Ces fa, ba dambe ba. Zama ake. Na sha ganin masu ciki haihuwa yau ko gobe suna buga gasa. Likita zai ba ki takarda, ni zan riƙe miki jaka."

"Ba likita ba ne matsalar."

"To mene ne?"

"Kin girma a garin nan, amma wannan ba ki sani ba. Wata huɗu da kwana goma na wadda ba ta da ciki ne. Mai ciki ba ta ƙirga wata. Takabarta sai ranar da ta haihu."

Ebere ta saki baki.

"Sai ta haihu?"

"Sai ta haihu. Ba kwana a wani gida, balle wata ƙasa."

"Ko da kwanakin sun cika?"

"Ko sun cika sun zube."

Ebere ta miƙe. Ta je bakin taga ta dawo. Ɗakin ƙarami ne, ba wurin zagaye, ta sake zama.

"Wa ya sani?"

"Ni, da nas ɗin da ta duba ni, da Allah."

"Inna fa?"

"Inna ta sayi lalle. Ta ba da ɗinkin atamfar da zan sa ranar fita. Jiya ta aika Baure a gaya wa dangi su zo cin gumbar sadaka."

"Ba ki gaya mata ba? Haulatu, jikanta ne fa! Abin da ya rage mata na ɗanta ke nan!"

"Na sani."

"To me ya hana ki?"

"Kullum in ta kawo min abinci ina cewa yau. Sai ta ajiye, ta ce Allah ya yi min albarka, ta fita. Sai in ce gobe."

Kowa ya san Ebere, abin da ke ranta shi ke bakinta, amma yau sai da ta juya maganar ta sake juyawa kafin ta fito da ita, a hankali kuma, tana kallon tabarma.

"Sati biyu ne gasar. Da hijabin nan ba mai ganewa. In kika yi shiru, aka yi sadakar, muka je muka dawo..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta kama bakinta.

"Allah ya yafe min. Ba zan ce ki saɓa wa addininki ba. Ki manta na faɗa."

"Ba ke kika fara kawo shi ba. Na riga ki."

"Kin yi tunanin haka?"

"Ban ce zan yi ƙarya ba. Cewa na yi ba zan yi magana ba. In ranar ta zo su yi min wanka, su sa min kaya, su sa ni a mota. Ni dai ban ce komai ba."

"Amma kin san hukuncin."

"Na sani sarai. Ba jahilci ba ne. Na san in na fita a ranar, da takabarsa a kaina na fita."

"To me kike so? Ke ɗin, Haulatu. Bar Koci, bar Najeriya, bar ni. Me kike so?"

Haulatu ta duba cikin ranta da gaske, kamar mai laluben abu a tukunyar da ta san ba komai.

"Da ina son wani abu da na gaya miki. Nas ɗin nan ta juyo min da na'urar, ta ce ga kai, ga ƙafa, tana jira in yi kuka ko in yi hamdala. Na ce mata na gode. Shekaranjiya ya motsa, Ebere. Karon farko. Na zauna ina jira in ji wani abu. Sai na ji ana kiran salla, na tashi na yi alwala."

"Wayyo Haulatu."

"Gasar ma haka. Tun muna amarya da ango yake cewa sai ya ga na zauna a allon nan da tutar Najeriya a gabana. Ga shi ta samu. In na je, to. In ban je ba, to. Duk ɗaya ne a wurina. Shi ya sa na bar abin yana tafiya da kansa."

Sai a lokacin ta lura gidan ya yi tsit.

Muryar Anwar ta ɗauke. Tun yaushe, ba ta sani ba.

Idonta ya sauka ƙasan labule. Ƙafafu biyu ne a tsaye, tsofaffi, cikin silifa ruwan ɗorawa wanda aka ɗaure igiyarsa da waya.

Ebere ta bi idonta da kallo. Ta ce, "Mun shiga uku," can ƙasa-ƙasa.

Labulen ya ɗaga.

Inna Adama ta shigo ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo Haulatu gidan. Hannunta na hagu na cikin mayafi, ta dunƙule wani abu. Ba ta kalli Ebere ba.

"Anwar ne ya dame ni, wai in kawo miki ki gaisa da mutanensa, ko kalma ɗaya," ta ce. "Na zo zan yi sallama na ji kuna magana. Na ce bari ku gama."

"Inna..."

"Wata nawa?"

Haulatu ta sunkuyar da kai.

"Ya kusa biyar."

"Ya kusa biyar." Inna ta maimaita. "Ina kawo miki tuwo da yaji. Ina kallonki kina share ɗaki a duƙe. Kika bar ni na ba da ɗinki, kika bar ni na aika Baure."

"Ki yafe min, Inna."

"Da na kama hannunki da kaina na fitar da ke daga takabar da ba ta ƙare ba. Da hannuna. In je in ce wa Ubangiji me?"

Ebere ta durƙusa.

"Inna don Allah, ba ta cikin hayyacinta ne. Tun rasuwar nan..."

"Ke 'yar Anselm, ban da ke a ciki. A gabana kika yi rarrafe, kada ki sa in faɗa miki marar daɗi."

Ebere ta ja bakinta ta rufe.

Inna ta matso. Gwiwoyinta sun daɗe da daina yarda da ita, a kujera take salla, amma ta dafa gado ta sauka har ƙasa. Ta zauna gaban Haulatu, gwiwa da gwiwa.

"Da ki tafi min da shi uwa duniya, cikin jirgin sama, ban ma san yana nan ba?"

Haulatu ta jira mari, ko tsinuwa. Ko wanne ya zo za ta karɓa, duk ɗaya ne.

Sai tsohuwar ta miƙo hannun dama, ta ɗora a kan cikin. A hankali, kamar mai taɓa ƙwai.

"Sha'aban," ta ce.

Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunan ba, sai dai ta ce yaron nan, ko Malam da ya girma. Ko ranar da aka shigo da shi cikin likkafani ba ta kira shi ba.

"Sha'aban. Ashe ba ka tafi duka ba."

Ebere ta fashe da kuka. Haulatu na kallon hannun, jijiyoyinsa, tsohon lallen da ya koɗe a farce. Tana ganin komai tar, amma kamar a gidan wasu ake yi.

Sai ga gudu a tsakar gida. Wani ya yi karo da bokiti.

"Inna! Inna!"

Anwar ne. Ya ja birki a bayan labule, don ba ya shiga ɗakin mai takaba. Numfashinsa har ciki ana ji.

"Inna wayar! Ina wayar da na ba ki?"

"Kai tafi ka ba mu wuri. Ga ta nan na rufe ta."

"Kin rufe ta yaya?"

"Na dunƙule ta cikin mayafi mana. Ba mai ganin kowa."

"Innalillahi! Inna a kunne take! Kai tsaye take! Na fita karɓo ruwa, abokina Abbas ya biyo ni da tasa wayar, muryar Anti ce ke fita! Komai an ji! Komai!"

Inna ta zaro hannun hagu daga mayafi, tana kallon wayar kamar kunama ce aka ɗora mata. Ebere ta fizge.

Jan ɗigon da ke kusurwa, alamar kai tsaye, yana nan yana ƙiftawa. Masu kallo sun ninka na lokacin da Anwar ke yi wa China barazana. Rubutu na ta gudu sama, wani na korar wani. Ebere na laluben inda za ta danna, fuskar wayar na kallon Haulatu.

Haulatu ta karanta.

Allahu Akbar, Allah ya raba lafiya.

Allah ya jiƙan Malam, ya bar baya.

Subhanallahi, da fita za ta yi da ciki?

Ai takabarta sai ta haihu, ba wani zancen tafiya.

Ina malaman unguwar suke?

Sai wani ya hau, da hoton mutum mai furfura da tabarau. Koci Audi.

Barka da arziki, Haulatu. Allah ya inganta. Ebere, ki kira Zubaida ta fara haɗa kaya, ita ce allo na uku.

Shi ke nan. Layi biyu. Ba wanda ya tambaye ta.

Ta sake karantawa kafin rubutun ya gudu. Ita ce allo na uku.

Wani abu ya taso mata daga ƙasan ƙirji, mai zafi. Da farko ba ta gane shi ba, don an daɗe ba a haɗu ba. Ta ga kujerar. Ta ga agogon, ta ga 'yar tutar a gefen allo, ta ga Zubaida zaune hannunta na rawa a kan doki.

Kujerarta ce. Tana so. Wallahi tana so. Tun ranar da aka fita da shi ba ta so komai ba a duniya sai yanzu, da aka ɗauke.

Hannun Inna na nan a kan cikinta, ya ƙi tashi.

"Na gano, ga wurin kashewa," in ji Ebere.

"Kar ki kashe."

Duk suka juyo. Muryar Haulatu ba irin ta ɗazu ba ce.

"Haulatu, duniya fa ke ji."

"Na sani."

Ta miƙa hannu.

"Ba ni wayar."